Ku Tambayi Anti: Maigida ya rasu ya bar kuɗi a banki, sunana ya sa a fom, shin nawa ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan makon saƙonni uku na ɗauko kuma duk kan abu ɗaya suke, wato kuɗin da mamaci ya bari a akawunt ɗinsa na ajiya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba. Na farkon ne zai ci mana fili, don wallahi tun da na karanta shi na kasa fitar da shi daga raina.

TAMBAYA daga Tudun Wada, Zariya:

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa yau kwana 52, ɗan kasuwa ne yana da shago a kasuwar Sabon Gari, mu biyu ne matansa ni ce uwargida ina da yara 5 amarya na da 2, gaba ɗaya maza 3 mata 4, Hajiyarsa na nan da rai amma mahaifinsa ya jima da rasuwa. Toh yana da akawunt shi kaɗai, ranar da ya buɗe tare muka je bankin can wajen PZ kuma da idona na ga ya rubuta sunana a wurin nes of kin, katin ATM ma a hannuna yake na san lambar. Bayan sadakar bakwai abinci ya ƙare ga kuɗin makarantar yara sai na aiki babban ɗana wajen mai POS ya ciro dubu 60. Da ƙanin maigidan ya ji sai ya tafi banki ya ce musu an yi rasuwa suka rufe, yanzu kati ba ya aiki, kuma kullum sai ya zo yana cewa in ba shi katin da wayar marigayi wai shi ne babba yanzu. Abin da ya fi damuna Anti akwai kuɗin adashina dubu 350 da na kwasa kafin azumi na tura masa ya ajiye min don kar in taɓa. Shin kuɗin nan ba nawa ba ne tunda sunana ya sa? Na yi laifi da na cira? Kuma adashina ya tafi kenan?

AMSA:

Wa alaikumus salam 'yar uwata. Allah ya jiƙan maigida ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari.

Bari in fara da mai ɗacin don kar in ɓata miki lokaci: a'a, kuɗin ba naki ba ne ke kaɗai. Wannan nes of kin ɗin shi ne abin da ya fi rikita mutane, saboda in ana cike fom sai ma'aikaci ya ce maka "wa za ka sa magajinka", shi kenan sai mutum ya tafi gida da tunanin ya gama rabon gado da biro. Alhali ma'anarsa kawai wanda banki zai nema idan wani abu ya faru da mai akawunt, wanda za a kira a waya. Ba wasiyya ba ce, ba kyauta ba ce, kuma ko kin je da hoton fom ɗin manaja ba zai ƙirga miki ko sisi ba. Daga lokacin da rai ya fita, duk abin da ke cikin akawunt ɗin nan ya tashi daga na maigida ya koma na magadansa gaba ɗaya, ke da amarya da Hajiya da yaran nan bakwai.

Shi ya sa banki ya rufe, kuma ko ba ƙanin mijinki ba, duk wanda ya kai musu labari haka za su yi, don in suka bari ana cira bayan sun sani su za a kama. Na san ya yi miki zafi ranar da yaro ya dawo ya ce kati ya ƙi, amma ki duba ta wani gefen, rufewar nan ke ma ta kare ki, don yanzu ba wanda zai ɗauki waya da daddare ya yi transfa ya kwashe.

Maganar dubu 60. Ban ga mugunta a ciki ba, uwa ce ta ga tukunya ba komai, amma ba daidai ba ne, izinin da ya ba ki na riƙe kati ya ƙare ranar da ya rasu. Gyaran kuma mai sauƙi ne, kar ki ɓoye. Ki samu takarda ki rubuta ranar da aka cira da abin da aka saya, nawa aka kai makaranta, nawa aka sayi masara da shinkafa, in amarya da 'ya'yanta sun ci a ciki shi ma ki rubuta, ranar rabo sai ki faɗa da bakinki kafin a tambaye ki, a lissafa shi a cikin kason waɗanda suka amfana. Ai dole za a ciro sitatimen, kuma sitatimen ba ya rufa wa kowa asiri, za a ga kwanan wata a ga an cira bayan rasuwa, toh gara ke ki fara faɗa da a ce an gano.

Yanzu ƙanin miji. Anan ina so ki buɗe kunne sosai domin nan ne ake cutar mata da yawa a garin nan saboda kunya da kawaici. Matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan uwansa ba shi da gado ko ƙwandala, shaƙiƙi ne ko ɗan uba, ɗa ya tare shi. Zai iya taimakawa da zirga-zirga in dangi sun yarda da amanarsa, Allah ya ba shi lada, amma "ni ne babba" ba hujja ba ce ta karɓar kati da waya. Wayar nan musamman, kin san yau waya ita ce banki, da layin nan ake samun alat, da shi ake samun lambar sirri da ake turowa, in akwai OPay ko Moniepoint ko PalmPay duk a kan layin suke kuma su ma gado ne. Kar ki yi faɗa da shi, ki ce masa Baban yara ka yi haƙuri a kira Hajiya da amarya da liman ko mai unguwa, a gaban kowa a sa kati da waya a ambulan a damƙa wa wanda duka aka amince da shi har a je gaban alƙali. Amma a riƙa kunna wayar lokaci-lokaci ana sa mata ɗan kati, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya ba wani.

Toh yaya ake buɗe ƙofar? Da farko takardar shaidar rasuwa. In a asibiti ya cika, kamar Shika ko Gambo Sawaba, asibitin zai ba da tasa, sannan a kai Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ba da satifiket ɗin rasuwa. In a gida ne sai a yi takardar rantsuwa a kotu a kai musu. Daga nan ku rubuta wa banki wasiƙa ku nemi su faɗa muku a rubuce wace takarda suke so, ki lura na ce a rubuce, don kar ku yi ta yawo yau a ce kaza gobe a ce kaza. Abin da bankuna suka fi nema shi ne takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda za ki ji suna ce wa leta of administireshan, kuma sashen gado na Babbar Kotun Jiha ne ke ba da ita, ku je ofishin rajistara a kotun da ke Dogarawa za a nuna muku inda za ku fara. Yawanci mutum biyu ake sawa daga cikin iyali, a kawo masu tsaya musu, kotu ta ba da fom a kai banki ya cike nawa ne a ciki, a biya wa gwamnati wani kaso gwargwadon yawan dukiyar, a buga sanarwa a jira ko akwai mai ja, sannan takarda ta fito. Ba aikin sati ɗaya ba ne, ku shirya wa watanni. Ita kuma Kotun Shari'ar Musulunci ita ce ke zama ta tantance su waye magada ta fitar wa kowa kasonsa, kuma a nan Arewa sau da yawa alƙalin babbar kotun shari'a kan rubuta wa banki kai tsaye a kan kuɗin gadon da ke gabansa, shi ya sa na ce ku fara jin ta bakin bankin.

Shawarata da babbar murya: a cikin mutum biyun nan ki tabbata akwai ke ko babban ɗanki in ya kai shekara 18, ɗayan kuma daga ɗakin amarya, kowane ɗaki da idonsa. Kuma wanda aka sa sunansa a takardar nan ba mai kuɗin ba ne, ɗan aike ne, amana aka ba shi ya karɓo ya raba. Takaba kuma ba ta hana ki zuwa kotu ko banki, malamanmu sun yarda mai takaba ta fita da rana don buƙata ta dawo ta kwana a ɗakinta, saboda haka kar wani ya ce sai kin gama wata 4 da kwana 10 za ki san abin da ake ciki.

Sai adashinki, kuma nan ne nake da albishir. Dubu 350 ɗin nan ba gado ba ne, ajiya ce, kuma kafin a raba wa kowa komai sai an fitar da kuɗin jana'iza, sannan basussuka da ajiyar mutane, sannan wasiyya in akwai, abin da ya rage shi ne gado. Amma fa sai da hujja. Tunda kin ce turawa kika yi, toh alhamdu lillahi, ki je bankinki ki ciro sitatimen na watan, zai nuna ranar da sunansa. Ki nemi uwar adashi ta shaida cewa a satin ne kika kwasa, in kun yi maganar a WhatsApp ko ya taɓa faɗa a gaban wani cewa kuɗin Maman yara na wurina, duk ki tattara. Kuma kar ranki ya ɓaci idan alƙali ya ce ki rantse duk da shaidun, haka ake yi wa duk mai bin mamaci tunda shi ba ya nan balle ya ce ya biya ko bai biya ba, ba wai an ƙaryata ki ba ne. In akwai ragowar sadakinki ko na amarya da bai cika ba shi ma bashi ne, a faɗa, ba abin kunya ba ne, sauke masa nauyi kuka yi.

Bari in yi miki lissafi na misali don ki ga yadda abin yake. A ce bayan an cire adashinki da bashin 'yan kasuwa saura naira miliyan 2 da dubu 400. Matan aure suna da tumuni, ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya, wato dubu 300, ke da amarya ku raba dubu 150 kowacce, ba ruwan rabo da wace ce uwargida ko wa ta fi yara. Hajiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida, wato dubu 400. Saura miliyan 1 da dubu 700 na yara, namiji rabon mata biyu, kowane namiji dubu 340 kowace mace dubu 170. Wannan yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. Na san za ki ce Anti dubu 150 bayan shekara da shekaru ina fama, na sani wallahi, amma ki tuna akawunt ba shi ne dukan gadon ba, akwai shago da kaya da gida in akwai, ko'ina kina da kasonki, kuma rabon 'ya'yanki biyar yana nan, ki roƙi alƙali ya faɗa a fili wa zai riƙe na ƙananan da yadda za a riƙa cire musu na ci da na makaranta.

Wani abu da ke ci min rai, a kwashi kuɗin marayu a yi ta dafe-dafen sadakar uku da bakwai da arba'in, a kafa rumfa a yi hayar kujeru, sai an zo rabo a ce ai an kashe a hidima. Likkafani da haƙar kabari su ne ke fita daga dukiyar mamaci, wanda ke son ciyar da jama'a ya ciyar daga aljihunsa. Aya ta 10 a surar nan da na ambata ta yi magana mai tsanani a kan masu cin dukiyar marayu. In kuma amarya na da ciki a faɗa tun yanzu, don a mazhabarmu ta Malikiyya ana dakatar da rabo sai an haihu.

In kuɗin lauya ya gagara, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ku neme su, kar ki zauna a ɗaki kina kuka ana yanke miki hukunci a zaure.

TAMBAYA daga Samaru:

Anti barka da aiki. Ni matata ce ta rasu shekara biyu kenan, ma'aikaciya ce, ta bar min yara 3 maza biyu mace ɗaya, iyayenta duka suna raye. Na san tana da akawunt na albashi da wani na ajiya amma ban taɓa zuwa ba, gaskiya kunya nake ji kar surukaina su ce kuɗinta nake hari. Yanzu wani abokina ya ce min ai gwamnati ta riga ta cinye tunda an daɗe ba a taɓa ba. Haka ne?

AMSA:

Malam Allah ya jiƙanta ya sa Aljanna ce makomarta. Abokinka bai faɗa daidai ba. Akawunt ɗin da ya shekara ba a taɓa ba banki yana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi barci, sai a tsayar da cira, amma kuɗin na nan. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, sai ya kai shekara 10 a haka sannan a mayar da kuɗin wani asusu na amana a Babban Bankin, kuma ko a can ɗin magada na da ikon nema ta hannun bankin da aka ajiye tun farko. Kai shekara biyu ce, ba abin da ya tafi.

Kunyar nan kuma na fahimce ta, mutunci ne, amma ka sani ba kuɗinka kaɗai kake bari ba. Dukiyar mace tata ce, ba ta miji ba ce, in ta rasu ta magadanta ce. Kai kana da rubu'i tunda akwai 'ya'ya, mahaifinta sudusi, mahaifiyarta sudusi, saura na yara. A ce miliyan 1 da dubu 200 ne, kai dubu 300, Baba dubu 200, Mama dubu 200, mazan dubu 200 kowanne, macen dubu 100. Ka ga kenan shirun da ka yi ya riƙe haƙƙin tsofaffi biyu da marayu uku. Hanyar fita daga kunyar ita ce ka shirya ka je ka durƙusa gaban surukinka ka ce Baba akwai haƙƙinku da na jikokinku a banki, ina so a sa ɗaya daga cikin 'yan uwanta mu nemi takardar kotu tare. In ka ga dama ka bar wa yara naka kason bayan an raba, wannan tsakaninka da Allah, amma ba ka da ikon yafe na yara.

Ka duba takardunta ka nemo lambar BVN, mutum ɗaya lamba ɗaya yake da ita komai yawan bankunansa, za ta taimaka wajen gane akawunt nata ne ko da an samu bambancin rubutun suna. Kuma tunda ma'aikaciya ce kar ka tsaya a banki, ka je wurin aikinta ka tambayi kamfanin da ke riƙe da fanshonta, sannan ka tambayi inshorar rai, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata da ke ƙarƙashinta su yi wa ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Idan za ku je neman takardar kotu ku lissafa duka a ciki, akawunt biyun da fanshon, don kar a sake sabon zagaye. In ta ci bashin banki za su cire nasu kafin su saki saura. Kuɗin ruwan da ya taru a na ajiyar kuma sitatimen zai nuna shi daban, ku kai wa malami ya faɗa muku yadda za a fitar da shi kafin rabo.

Wata 'yar uwa Kirista daga Wusasa ta yi min irin tambayar nan a taƙaice, toh ke ma matakin banki da na Babbar Kotu duk ɗaya ne, sai dai ba Kotun Shari'ar Musulunci za ki ba, kuma kason kowa ya danganta da irin auren da kuka yi, na rajista ne ko na gargajiya, da ko ya bar wasiyya, saboda haka ki riƙe satifiket ɗin aurenki da kyau ki tafi da shi wurin lauya.

TAMBAYA daga Kwarbai:

Anti ni da raina da lafiyata, amma ina so in rubuta cewa in na mutu kuɗin akawunt ɗina na matata ne ita kaɗai saboda wahalar da ta sha da ni. Ya halatta?

AMSA:

Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka maka da wannan niyya. Amma ta wasiyya ba za ta yiwu ba, ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa, ga wanda ba magaji ba ma iyakarta sulusi. In kana son ta samu, ka ba ta yanzu da lafiyarka, ka tura mata cikin akawunt mai sunanta da BVN ɗinta, ta karɓa ya zama ita ke juya abinta, ka sa mutum biyu su shaida a rubuta kwanan wata. Kyautar da aka ce "na ba ki" amma kuɗin na zaune a akawunt ɗinka har ka rasu, gado za ta koma, haka ma wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Sannan ka samu ɗan littafi ka rubuta bankunan da kake da ajiya, wa kake bi, wa ke binka, kuɗin wa ke hannunka, ban da lambar sirri, ka gaya wa matarka da babban ɗanka inda ka ajiye shi.

Masu tambaya a kan gadon gida da gona na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.